Wikipedia Na Da Gaskiya Idan Ta Ce a Kawo Hujja

Sababbin masu rubutu a Wikipedia kan fusata idan an goge musu aiki. Mutum ya rubuta tarihin garinsu kamar yadda ya ji a bakin kakansa, kafin gari ya waye wani edita ya liƙa masa alamar neman hujja, ko ya share sakin layin ɗungurungum. Na san da ciwo, amma ina bayan dokar kawo hujja.

Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, ba ta karɓar binciken da mutum ya yi da kansa. Abin da aka riga aka wallafa a madogara mai inganci kaɗai ake taƙaitawa. Shafin da kowa ke iya gyarawa ba ya bambanta masani da maƙaryaci. A 2005 wani ya rubuta cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan 'yan gidan Kennedy, ƙaryar kuma ta yi wata huɗu kafin a cire ta. A 2022 aka gano wata edita mai suna Zhemao ta ƙirƙiri maƙaloli sama da 200 kan tarihin Rasha a Wikipedia ta Sinanci, har da yaƙin da ba a taɓa gwabzawa ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san dalilin bin isnadi.

Sai dai dokar tana cizon mu fiye da wasu. Dattijon marini a Ƙofar Mata ya san adadin baba da tokar da zai zuba a karofi, ya san ranar da ruwan zai nuna, amma baƙon da ya leƙa na awa biyu ya rubuta a jarida shi ne hujja. Irin wannan matsala ce ta sa wani mai suna Achal Prabhala ya gwada kafa hujja da hirar baka a Indiya da Afirka ta Kudu a 2011.

Duk da haka ban yarda a sassauta ba. Ranar da "na ji an ce" ya zama hujja, kowane gida mai neman sarauta zai rubuta nasa asalin. Aikin gyaran ba a cikin Wikipedia yake ba. Yau ana iya kafa hujja kan rayuwar Mamman Shata ne saboda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun bi mutane sun rubuta littafi. Jami'o'inmu na cike da kundayen digiri kan dambe, jima da saƙa da ƙura ta rufe. A buga su, a ɗora a intanet, sannan a naɗi muryoyin dattawa tun suna raye, a adana a wurare irin su Arewa House da ke Kaduna.