Jita a Matsayin Murya: Nazari a Kan Gadon Jeff Beck

Manufar wannan takarda ita ce auna gadon da Jeff Beck (1944-2023), makaɗin jita ɗan ƙasar Ingila, ya bar wa kiɗan rok da na jaz. A ganinmu, babbar gudummawarsa ita ce ɗora jita a gurbin mawaƙi, har mai sauraro ya manta babu wanda ya buɗe baki.

Sunan Beck ya fara fitowa a 1965, sa'ad da ya gaji Eric Clapton a ƙungiyar Yardbirds. A faifansa Truth na 1968, Rod Stewart ne ke rera waƙa, jita kuwa tana yi masa amshi. Amma a 1975 ya fitar da Blow by Blow ƙarƙashin kulawar George Martin, inda ya kawar da mawaƙi, ya karkata ga jaz. Duk da haka faifan ya kai mataki na 4 a jerin cinikin faya-fayai na Amurka.

To, ta yaya tsirkiya ke zama murya? Muryar ɗan Adam ba ta tsalle daga sauti zuwa sauti. Sulalewa take yi, tana rawa, tana kumbura, tana lafawa. Beck ya nemi wannan ta hanya uku. Daga shekarun 1980 ya ajiye ɗan ɓallin da ake kaɗa tsirkiya da shi, ya koma ga yatsunsa. Sa'an nan yana riƙe da ɗan ƙarfen da ke jikin jitarsa, ƙirar Fender Stratocaster, wanda ke sassauta tsirkiyoyi ko ya ɗame su, kamar yadda mai kalangu ke matsa tsarkiya don sauya amo. Har ila yau yana murɗa maɓallin ƙarar sauti, domin sautin ya shigo a hankali kamar numfashi. Kiɗansa "Where Were You" na 1989 ya isa shaida.

Akwai sukar da ya kamata mu duba, watau cewa fitattun kaɗe-kaɗensa da dama ƙirƙirar wasu ne. Gaskiya ne: "Cause We've Ended as Lovers" ta Stevie Wonder ce, "Goodbye Pork Pie Hat" da ke cikin Wired na 1976 kuwa ta Charles Mingus ce. Sai dai wannan ma'auni bai dace da jaz ba, domin a al'adar jaz ana auna makaɗi ne da abin da ya yi da karin da ya tarar. In an ƙi wannan, lalle sai a rage darajar manyan makaɗan jaz da yawa tare da shi.

A taƙaice, Beck ya nuna cewa sauti guda, in an san yadda za a fara shi, a lanƙwasa shi, a sake shi, yana iya ɗaukar abin da baiti ke ɗauka. Wannan ne ya kamata manazarta su bibiya a hannun makaɗan da suka biyo bayansa.