Daga Wuri zuwa Naira: Nazari kan Kuɗin Kasuwannin Rano da Kibiya

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, masaƙin Rano da ya kai saƙinsa kasuwa, wuri ake zube masa a tabarma, ya durƙusa ya ƙirga. Mutane da yawa a yau suna ɗaukar wannan a matsayin musayar kaya irin ta mutanen da ba su waye ba. Ba haka ba ne. Wuri cikakken tsarin kuɗi ne, da ƙananansa da manyansa, da farashin canjinsa, da harajin da ake karɓa da shi, har da irin tasa hauhawar farashi.

Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Asalinsa tsibiran Maldib ne a tekun Indiya, 'yan kasuwa ke ɗauko shi har ya iso nan. Ba sarkin da ya buga shi, ba maƙerin da zai iya ƙera na jabu, ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa. Ƙasar Rano kuwa tana cikin waɗanda suka fi juya shi, domin tun a labarin Hausa Bakwai Kano da Rano ake kira sarakunan baba. Auduga, saƙa da rini su ne arzikin kudancin Kano, turkuɗin Kura kuma har Azbin Buzaye ke kai shi. Inda ake sayen zare da safe a sayar da saƙi da yamma, dole a sami kuɗin da ke tsinkuwa ƙanana-ƙanana.

Ƙirgar ita ce gwanintar. A bakin teku ana shirya wuri a zare, amma a nan sake yake, tuli guda. Mai ƙirga yakan ja biyar-biyar da yatsunsa, hannu na gudu baki na motsi, yana tara tsibi-tsibi. Ashirin hauya ce, ɗari zangu, dubu ashirin kuma keso guda, wato jakar tabarma da aka ɗinke bakinta. Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ya rubuta cewa magidanci yana biyan kuɗin ƙasa 2,500, kowane karofi ana karɓar 700 a kansa, ya kuma ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

A ganina ƙarfin wuri duka yana cikin ƙanƙantarsa. Tsohuwa mai daddawa a Kibiya tana iya sayar da ta wuri biyar, yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli ta ba da na wuri biyu, almajiri ya sami sadakar guda ɗaya kuma ta yi masa amfani. Babu cinikin da ya yi ƙanƙanta har a rasa abin biyansa, babu kuma zancen “ba canji”.

Rauninsa yana can sama, wajen manyan ciniki. Keso guda kaya ne sosai. Robinson, Baturen da ya ratsa ƙasar Hausa a 1894 da 1895, ya ba da labarin dokinsu da ya kasa, suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa sai an ɗauki 'yan alaro goma sha biyar, ladansu kuma zai cinye abin da suka ɗauko. Shi ya sa fataken Gwanja masu zuwa sayen goro suke juya dukiyarsu zuwa riguna, kanwa da dabbobi. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba: bayi ma an mai da su manyan kuɗi, ana biyan bashi da gaisuwar sarakuna da 'yan Adam. Duk mai yabon tsarin wuri sai ya haɗa da wannan a lissafinsa.

Abin da ya karya shi daga waje ya zo. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka shiga jibgo wani wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya yi ta kwararowa arewa. Kafin ƙarshen ƙarnin, dalar da ake canji 2,500 ta kusa ninkawa. Marinin Rano bai rage aiki ba, bai yi ha'inci ba, amma wurin da ya binne a tukunya ya rasa rabin darajarsa saboda jiragen ruwan da bai taɓa gani ba.

A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri, sannan a hankali aka koma karɓar haraji da kuɗin ƙarfe. Jirgin ƙasa da cinikin gyaɗa daga 1912 suka ƙarasa aikin. Sule, sisi, taro, kwabo da ɗari suka cika aljihu, ga anini mai huji a tsakiya da tauraro, goma ke yin kwabo. Rabin kwabo ya sami sunan ɗari ne don wuri ɗari ake canjinsa. A kan wannan lissafi anini ɗaya hauya guda ce, wato mafi ƙanƙantar sabon kuɗi ya ninka mafi ƙanƙantar tsohon sau ashirin. Wannan ne ya sa matan ƙauye suka daɗe suna cinikin kayan miya da wuri bayan mazajensu sun koma biyan haraji da sule.

Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Yau kwabban sun ɓace, naira biyar da goma ma da ƙyar ake karɓa, mai shago ya miƙo maka alawa a madadin canji. Farashi ba ya hawa da ɗaya ko biyu, sai dai ya yi tsalle da hamsin, talaka ke biyan tsallen. Da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya fi gallabar karkara, inda banki ke da nisa, sabis kuma yake ɗaukewa. Manomi ya karya farashin buhunsa don ya riƙe tsaba a hannu, wani ya biya mai POS lada mai tsoka kafin ya karɓi kuɗinsa, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris.

Masu tsara kuɗin ƙasa sun saba duban babban ɗan kasuwa da ma'ajiyar gwamnati. Ina roƙonsu, duk ranar da za su sake taɓa naira, su aiko wani ya wuni a rumfunan kayan miya na kasuwar Rano ko ta Kibiya, ya ga da nawa ake ciniki, kafin su sa hannu a takarda.