Mai Ɗaukar Hoton Gansakuka

A Turai, masu ɗaukar hoto sukan jira hunturu kafin su shiga daji neman gansakuka, domin nasu hunturun na ruwa ne da laima. Namu kuwa ƙura ce da bushewar leɓe. A nan kudancin Jigawa, daga Maruta zuwa Gwaram har Birnin Kudu, lokacin gansakuka shi ne marka, cikin watan Agusta, sa'ad da sama ke kwana tana yayyafi, rana ta yi kwanaki ba ta fito sosai ba. Sai ka ga gindin katanga da bakin rijiya da tsagin duwatsu sun yi kore shar.

Yawancinmu ƙazanta muka ɗauke ta. Maigida ya sa a kankare, uwa ta ja kunnen yaro kada santsi ya kwashe shi. Shi ya sa nake jinjina wa wani matashi da na taɓa bi cikin duwatsun Birnin Kudu. Da wayar hannu kaɗai yake mayar da gansakukar da ba ta wuce tafin hannu ba ta koma kamar kurmin da ba a taɓa ratsawa ba.

Ya san abin da yake nema. Wannan tsiro ba shi da saiwar da ke zuƙo ruwa daga ƙasa, ta jikinsa yake sha, don haka inuwa yake bi, da gefen dutsen da rana ba ta daɗewa a kai. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Wasu siraran sanduna yake fitarwa, kowanne da ɗan ƙulli a kansa kamar kan ashana, cike da garin da iska ke ɗauka ta shuka a wani wuri. Waɗannan ƙulle-ƙullen yake farauta, musamman idan ɗigon ruwa ya rataye a jikinsu.

Da hantsi yake fita, bayan ruwa ya ɗauke amma gajimare bai washe ba. Rana tsaka tana ƙona launi, hasken filasha kuma yana sa gansakuka ƙyalli kamar leda. Kafin ya taɓa wayar sai ya bubbuga wurin da sanda saboda kunama da maciji. Sannan ya durƙusa, wani lokaci ya kwanta rub da ciki a kan jiƙaƙƙen dutse, har idon kyamara ya yi daidai da tsayin tsiron. A nan gwanintar take. Idan kyamara ta matso kusa haka, ɗan siririn wuri ne kawai ke fitowa tangaran, sauran duk ya dushe, kuma motsin numfashi ma ya isa ya ɓata hoto. Sai ya kafa gwiwar hannu a dutse, ya dangwala yatsa a kan ƙullin da yake so, ya riƙe numfashi. Na ga ya jira har tururuwa ta ratso, don mai kallo ya gane ƙanƙantar abin.

Da muka iso kusa da zanen shanu na Dutsen Mesa, irin waɗanda wani mai bincike, Bernard Fagg, ya rubuta labarinsu a shekarun 1950, na ce masa: "Ƙanena, ga wata can ta bushe, ko mu yayyafa mata ruwa?" Gansakuka kan bushe ƙurmus da rani, amma ruwa na taɓa ta sai ta farfaɗo ta yi kore, wani lokaci cikin mintuna.

Ya girgiza kai. "A'a Yaya, laima tana cin zanen nan. Akwai wata a bayan dutse."

Muka zagaya. Ya goge idon kyamara da gefen rigarsa, ya sake durƙusawa cikin taɓo.