Gidan Tsuntsun da Ba Tsuntsu a Ciki

"Kawu, toshe! Toshe na ƙasan, ruwan yana gudu!"

Haka ɗan ƙanwata yake ta yi mini ihu, ni kuwa ina tsugune a gindin wani shinge a bakin daji, can arewacin Jamus, yatsuna huɗu a jikin wani bututun roba, ruwa mai sanyin ƙanƙara yana zurarowa cikin hannun rigata. Bututun ya kai mini ƙirji. An ɗaure shi a jikin turken shinge, an shafe shi da fenti kalar itacen, har ba ka rabe su sai ka matso. In ka leƙa ta sama, kana hango wata 'yar kwalba a can ƙasa, amma hannu ba ya shiga, sanda ba ta kamo ta. Sai dai a ɗura ruwa ta taso da kanta. To, shu'umin da ya ƙera abin ya huda ramuka shida a jikinsa, don kada mutum ɗaya ya iya. Ni na toshe huɗu, surukina ya toshe biyu, yaro yana ɗurawa daga gorar da ya ciko a rafi. Sannu a hankali sai ga murfin kwalbar ya leƙo kamar kan kada.

Me ke ciki? Takarda ce a nannaɗe, da sunayen waɗanda suka riga mu zuwa. Iyakarta ke nan. Kuma wallahi ban taɓa murnar samun takardar banza ba kamar ta ranar.

Tun daga nan abin ya kama ni, kamun da har yau bai sake ni ba. Wasan da ake kira geocaching ne, ni dai farautar ɓoyo nake ce masa. Wani ya ɓoye mazubi a wani wuri, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi GPS na wayarka har ta ce ka iso. Daga nan aikin waya ya ƙare, saura na ido da ƙwaƙwalwa. In ka samu, ka sa hannu a takarda, ka mayar yadda ka tarar. Ana da irin waɗannan maɓoyai sama da miliyan 3 a duniya. Amma ni ba masu nema ne gwanayena ba. Gwanayena su ne maƙeran mazuban nan, mutanen da kan ɓata makonni a gareji da zarto da gam da maganaɗisu, don su sa baƙon da ba za su taɓa gani ba ya yi dariya shi kaɗai a daji. In wannan ba karamci ba ne, ban san sunansa ba.

Abin mamaki, da bokiti aka fara. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon GPS da take yi wa farar hula da gangan, sai na'urorin da kan yi kuskuren kusan mita 100 suka koma na 'yan mitoci. Ranar 3 ga Mayu wani Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokitin roba, ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da kuɗi da gwangwanin wake da gwafar danƙo, ya kai shi daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya ce ga lambobi nan, mai iyawa ya nemo. Cikin kwana uku aka nemo. Da aka buɗe shafin wasan a watan Satumba, maɓoyai 75 ne kacal a duniya. Bokiti fa! Daga bokitin wake zuwa abin da zan ba ku labari, ai tafiya ta yi tafiya.

Kafin wayo, akwai ruwa. Duk maƙerin ƙwarai zai gaya maka babban abokin gabansa ba ɓarawo ba ne, laima ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ruwan sama ya fi ƙadangare naci. Shi ya sa nake jinjina wa akwatin harsashin soja da aka daina amfani da shi: ƙarfe ne, murfinsa da robar da ke matse baki, ga maƙalli mai ƙarfi da kan yi wata ƙara in an ɓalle shi, ƙarar da duk mai farauta ya sani kamar muryar uwarsa. Sai ya shekara goma a ƙarƙashin dutse, ka buɗe ka tarar da takarda a bushe ƙayau. Kishiyarsa ita ce 'yar robar fim ɗin kyamara ta da, wadda ta cika duniya don arha, amma damina ɗaya ta mayar da takardar cikinta kunu.

Jamusawa kuwa suka zo da abin da ya sa na tafa. Kun san robar lemon kwalba? Kafin a hura ta da iska mai zafi ta zama kwalba, 'yar bututu ce mai kauri, kamar babban yatsa biyu a haɗe, amma bakinta da murfinta sun riga sun kammala. Ita suke saya tun ba a hura ba. Murfin da aka yi don ya riƙe iskar lemo, ina ruwa zai bi ya shige shi? Ka taka ta, ba ta fashewa. PETling suke ce mata, kuma ita ce ta taso mana a bututun nan. Wanda ya fara hango wannan, Allah ya yi masa basira.

Sai ɓad da kama, inda abin ya fara zama sihiri. Na ga noti a jikin allon hanya, da tsatsarsa da komai, ashe cikinsa rarake ne, kansa na warwaruwa. Na ga katantanwa a gindin bango wadda ba ta motsi tun bara. Akwai ɗan itacen fir da aka huda aka cusa masa bututun alminiyam, aka rataye shi da igiyar fatsa a cikin 'yan uwansa ɗari. Akwai kututture da aka yanka gida biyu, aka rarake, aka haɗe da maganaɗisu yadda zanen ɓawon ya dace, tsagar ba ta fi gashi ba. Sirrin wannan fanni shi ne kada abu ya ɓuya. A fili yake, yana kallonka, kifi na ganinka mai jar koma. Dole kuma ya yaudari mutum biyu ta hanya biyu: mai wucewa da bai san wasan ba, wanda suke kira magul, aron suna daga littattafan Harry Potter, kada ya ko waiga, mai nema kuwa ya wahala minti ashirin sannan ya dafe kai ya ce, "Kai! Ashe kai ne!"

Akwai wanda ba na so, gara in faɗa. Wani ɗan mitsitsin ƙarfe ne mai maganaɗisu, bai fi kan ɗan yatsa ba, da ake mannawa a ƙarƙashin benci. Fito da takardarsa sai da hantsaki, mayar da ita kuwa sai wanda ya iya naɗa zare a duhu. Wannan ba gwaninta ba ce, ƙeta ce. Mu wuce.

Sarautar fannin tana hannun masu mazubi mai dabara, wanda samunsa ba wuya, buɗe shi ne aiki. A nan dole in ambaci wanda ake kira WVTim, na yankin Berkeley a jihar West Virginia ta Amurka. In ka ji wane, ba banza ba. Yawancin ayyukansa siffar gidan tsuntsu ne na katako a kan turke, ga shi nan a fili, da kwaɗo a jiki, amma kowanne da kacici-kacicinsa. Mutane kan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa wajen Martinsburg don kawai su tsaya gaban akwatin katako suna sosa ƙeya, har yankin ya mai da abin hanyar jawo masu yawon buɗe ido. Abin da ya ƙara sa na so shi, ba ya rowar sani: a YouTube yake buɗe cikin akwatunan, ya nuna yadda ake yanka da yadda ake haɗawa, wanda ya ga zai iya ya je ya yi nasa. Na kwana ina kallo har asuba, ba sau ɗaya ba.

Dabarun wannan fanni ba su ƙarewa. Wani sai ka zo da batir ka ɗora a kan ƙusoshi biyu, ƙaramin inji ya tashi, ya sauko maka da kwalba a igiya. Ka juya batirin, ta koma sama. Wani sai da famfon keke, iska ta turo abin waje. Wani an sa masa irin sakatar da ake sa wa kabad don hana yara buɗewa, wadda ba ta ɗagawa sai an ɗora maganaɗisu daidai kanta ta bayan katako, maganaɗisun kuwa yana rataye a wani wuri kusa, yana jiran mai lura. Masu ilmin lantarki suna sa ƙaramar kwamfutar Arduino, akwati ya kunna fitilu bi da bi, ka maimaita, in ka dace ya nuna maka lambobin kwaɗo. Kuma duk wannan dole ya jure hannun mutum ɗari da ba su fahimta ba, masu ja inda ya kamata a tura. Maƙeri na gari yakan rubuta a jiki cewa ba a bukatar ƙarfi, sannan ya ƙera abin kamar bai yarda za a karanta ba.

A Berlin, a dandalin Potsdamer Platz, an yi wani maɓoya da ya shahara a jikin ƙaton raƙumin dawa da aka gina da tubalan Lego, wanda ya daɗe a sahun gaba na maɓoyan da aka fi so a duniya. Ma'anar sunansa ita ce ɗaya ya yi yawa. Ba zan ƙara ko kalma ba. Mai tona asirin maɓoya ba ya cikinmu. Ƙuri'ar son da ake jefa wa maɓoya ma ba a banza ake samunta ba: sai mai rajistar biya ya samo maɓoyai 10 kafin a ba shi guda ya jefa wa wanda ya fi burge shi.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai, kifar da wasan ya yi gaba ɗaya. A 2009 Mikal Hart ya ba abokinsa kyautar aure: akwatin katako a kulle ta ciki, da maɓalli ɗaya da ɗan allo. In ka danna, sai ya faɗa maka nisan da ke tsakaninka da wani wuri, ba tare da ya ce gabas ko yamma ba, kuma dannawa 50 kawai gare ka. Ba zai buɗe ba sai an kai shi wurin, wato tsibirin Bréhat a gaɓar Faransa. Mai wayo zai danna a garuruwa uku, ya zana da'ira uku a taswira, ya duba inda suka haɗu. Ga taska a hannunka, wurin ne ya ɓuya! Na yi kwanaki ina juya wannan a kaina.

Duk wannan kuma a cikin ƙa'ida ake yinsa, abin da ya ƙara masa daɗi. Ba a haƙa rami a binne. Ba a sa abinci, don dabbobi. Sai da izinin mai wuri, kuma tsakanin maɓoya da maɓoya sai an bar mita 161. Sannan a rubuta a jiki ko mene ne, a goge rubutun soja in akwatin harsashi ne. Wannan ba wasa ba: a 2011, a garin Wetherby na Ingila, an ga wani yana laɓe-laɓe da 'yar roba a kan titin kasuwa, aka rufe shaguna, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa ta.

Kafin in baro Jamus sai da na ce ni ma zan gwada. Ni da yaron muka yi kwana huɗu a gareji, muka haɗa gidan tsuntsu mai ɓoyayyen gindi da sakatar maganaɗisu, na fasa babban yatsa da guduma, muka rataye shi a lambun gidan don mu ga yadda zai yi da ruwan hunturu kafin mu nemi izinin kai shi waje. Abu ɗaya na manta, wanda kowane gwani ya sani: ramin ƙofar na ƙarya ake yi, a toshe shi ta ciki da baƙin katako. Ni kuwa na huda shi har ciki, zagayayye, kyakkyawa.

Da bazara sai ga kiran yaron, yana dariya har numfashinsa na sarƙewa.

"Kawu, an riga mu. An samo akwatinka."

Na ce wa ya samo, alhali ba mu sa lambobinsa ko'ina ba?

"Wata 'yar tsuntsuwa ce mai shuɗin kai. Ƙwai bakwai, Kawu. Umma ta ce kada wanda ya taɓa sai sun tashi."