Titin Jirgi Ɗaya, Kuɗin Sauka Daban-daban

Ƙaramin jirgi gajeren titi ya ishe shi sauka, amma Boeing 707 sai an shimfiɗa masa dogo. To idan titin ɗaya ne, nawa ya kamata kowanne ya biya? A kan wannan tambaya Stephen Littlechild, masanin tattalin arziki a Birmingham ta Ingila, ya haɗa kai da Guillermo Owen a 1973. Daga baya, a 1977, shi da G. F. Thompson suka auna lissafin da alƙaluman filin jirgin saman Birmingham na 1968 zuwa 1969, na jirage iri 11.

Tushen dabarar na Lloyd Shapley ne, tun 1953. A ɗauka masu tarayya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san wa zai riga wa. Duk wanda ya shigo, a rubuta abin da zuwansa ya ƙara. A sake jeren ta kowace fuska, sannan a ɗauki matsakaici. Ta haka sa'ar zuwa da wuri ko makara ba ta cutar kowa. Sai dai mutum 10 kawai suna da jere 3,628,800, balle dubban jirage.

Gwanintar Littlechild da Owen ita ce gano cewa a nan ba sai an bi jeren ba. Yanka titin za a yi gunduwa-gunduwa. Gunduwar farko kowa na taka ta, sai a raba kuɗinta daidai wa daida. Ta biyu, masu buƙatarta kaɗai za su biya. Ta ƙarshe kuwa manyan jirage ne za su ji da ita. Duk wanda ya taɓa zama da maƙwabta kan kuɗin kwatar layinsu zai gane adalcin nan take, kuma abin da ya fi burge ni ke nan: lissafin da ya gagari ƙirga ya dawo wanda mai unguwa zai yi a bayan ambulan.

Amma jirgi ba shi kaɗai yake zuwa ciniki ba, kamfani ne da shi. A 1977 Owen ya fito da rabo mai hawa biyu, tamkar na gandu: a fara rabawa tsakanin gidaje, sannan kowane gida ya raba wa mutanensa. A 1997 wasu masana suka gwada shi kan filin jirgin Santiago de Compostela na Sifen, kowane kamfanin jirage a matsayin gida guda.

Yau masu horar da kwamfuta suna amfani da wannan dabara ta Shapley don sanin bayanan wa suka fi inganta aikinta. Da yake jeren ba ya ƙirguwa, sai su zaɓi wasu da ka su yi kiyasi, su faɗi iyakar kuskuren da zai iya shiga, su kuma haɗa bayanan da suka fito daga tushe ɗaya a gida ɗaya kafin a fara rabo.