Sharhin Wasanni: Dokar Tacbak a Ƙwallon Amurka

Yau sharhin namu ya leƙa Amurka, wajen ƙwallonsu mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita.

Tsawon filin yadi 100 ne, kowane ƙarshe da gidan cin maki mai zurfin yadi 10. Ana buɗe wasa da bugu daga layin yadi 35. Idan ƙwallo ta faɗa gidan abokan hamayya, mai cafewa ya durƙusa da ita maimakon ya fito a guje, ko ta zarce bayan fili, shi ake kira tacbak. Sai alƙali ya ajiye ta a layin da doka ta tanada, wasa ya tashi daga nan. To, a kan layin nan ake ta ja-in-ja.

Shekara da shekaru a yadi 20 ake ajiyewa. Amma bugun buɗe wasa haɗari gare shi: ƙarti ne ke tahowa daga nesa da gudun tsiya su gwabza karo, ƙwaƙwalwa ta girgiza. Shi ya sa NFL, hukumar babbar gasar ƙwallon Amurka, ta matso da wurin bugu daga yadi 30 zuwa 35 a 2011, ta kuma kai tacbak yadi 25 a 2016, don durƙusawa ta fi gudu riba. Garin neman gira sai aka rasa ido. A wasan ƙarshe na gasar, wato Super Bowl, na Fabrairun 2024 a Las Vegas, an yi irin wannan bugu sau 13, ko sau ɗaya ba a fito da ƙwallo ba. Haba jama'a!

Sai aka sake lale a kakar 2024. 'Yan wasan ɓangarorin biyu suna tsayawa dab da juna, ba mai motsi sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko an cafe ta. Wanda ya lula ta cikin gida kai tsaye, abokan hamayyarsa su fara daga yadi 30. Masu bugu suka ga abin da arha, suka ci gaba da lulawa. A 2025 aka kai layin tacbak yadi 35.

Ni dai a ganina nan aka dace. Da, mai cafewa ake lallashi ya durƙusa. Yanzu mai bugu ne ke biyan tara idan ya guji karawa. A bar layin a yadi 35.