Tsaftar da ke kashe jar kawa da yunwa

Masu kiwon murjani da kifin teku a tankin gilashi a Amurka da Turai sun daɗe da wata ɗabi'a da ba na ganin hujjarta. Mutum zai shiga shago neman kifi, idonsa ya faɗa kan wata kawa mai baki ja wur, gashin gefenta na kaɗawa kamar harshen wuta, ga araha. Sai ya saya. Masana na kiranta Ctenoides scaber, daga tekun Karibiyan ake tsinto ta. 'Yar'uwarta Ctenoides ales, ta yankin Indonesiya da Filifin, ta ma fi ta jan kasuwa, domin wani farin haske na gilmawa a leɓenta tamkar an sa mata lantarki. Yanzu da bidiyo ke yawo a Instagram da TikTok, daƙiƙa goma na wannan walƙiya sun ishi mai shago talla.

A 2014 Lindsey Dougherty, tana Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta nuna cewa dabbar ba ta samar da hasken da kanta. Gefe ɗaya na leɓen cike yake da ƙananan ƙwayoyin silika masu mayar da haske, sai ta riƙa naɗe leɓen tana warwarewa cikin sauri. Abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai sha'awar mai kallo ba ta cika mata ciki.

Matsalar tana wajen abinci. Manyan kawa na jinsin Tridacna, da yawancin murjanin da ake kiwo, suna ɗauke da ƙananan tsirrai a cikin tsokarsu, waɗanda ke haɗa musu abinci daga haske. Ka ba su fitila mai kyau, ka gama rabin aiki. Jar kawa ba ta da wannan gata. Ruwa take zuƙa dare da rana, tana tace ƙwayoyin tsirrai da ƙananan halittun da ido ba ya gani. A teku, igiyar ruwa ce ke kawo mata su ba fashi.

To dubi yadda ake gina tankin zamani. Akwai na'urar kumfa mai kwashe datti, akwai safar tace ruwa, wasu har da fitilar da ke kashe duk wani abu mai rai da ke yawo a ruwan. Burin kowa ruwa ya yi garau, kada gansakuka ta fito, launin murjani ya haska a hoto. Wato duk kuɗin da aka kashe, an kashe su ne don cire ainihin abin da kawar ke ci. Kamar ka ɗaure rago a tsakar gidan da aka shafe da siminti, kana sharewa safe da yamma, sannan ka yi mamakin ramarsa.

Ragon ma ya fi ta sa'a, don shi zai yi kuka, ƙasusuwansa su fito. Kawa ba ta nuna yunwa da wuri. Tana nan baki buɗe, ja kamar jiya, tana cin ajiyar jikinta. Sau da yawa ma takan tafa ɓawonta ta yi tsalle zuwa bayan duwatsu, ta manne da zarenta a inda ba a ganinta, domin asali dabbar kogo ce. Bayan 'yan watanni sai a tarar da ɓawo fayau. Mai tanki ya ce ƙaguwa ce ta cinye ta, ko dama tsohuwa aka sayar masa. Da wuya ya ce yunwa ce.

Masu kare wannan ciniki na cewa ana iya ciyar da ita, kuma gaskiyarsu. Akwai masu noman tsirran ruwa irin su Isochrysis da Tetraselmis a kwalabe a gida, suna kashe na'urar kumfa na ɗan lokaci, suna ɗiga abincin kaɗan kaɗan kowace rana. Ina girmama irin waɗannan. Amma wannan aiki ne na wanda ya gina tanki dominta, ya yarda ruwansa ya ɗan yi kore, ya yarda sinadaran naitiret da fosfet za su hau, ya riƙa canjin ruwa akai akai. A wuraren ƙyanƙyasar kawa ta ci, noman waɗannan tsirrai sashe ne guda mai ma'aikatansa. Mai zuba cokalin abinci sau biyu a mako bai kama hanya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne arahar. Kusan dukkan jar kawa daga teku ake kamo ta, kuma ƙarancin farashin ne ke sa sabon shiga ya ɗauka dabba ce mai sauƙin riƙo. In ta mutu, asarar ba ta kai ta sa mutum tunani ba, sai ya sayo wata.

Ba doka nake nema ba. Mai shago ya daina ajiye ta a tankin gaba, ya kawo ta ga wanda ya yi oda kawai, ya kuma tambaye shi me zai ba ta. Wanda kawa kawai yake so ya gani a tankinsa, ga Tridacna da ake kiwo a gonakin ruwa na Palau da Tsibiran Marshall. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, tana son fitila mai ƙarfi da ruwa mai isasshen kalsiyom, amma tana iya shekaru tana girma a irin tankin da yake da shi.